Mudu Kafin Gyara

Gabatarwa

A farkon shekarar 2024 aka kira ni wani zaman sulhu a nan cikin garin Jos. Masu husumar su biyu ne, kuma kowannensu ina jin nauyinsa. Na farko ɗan ƙanwata ne, saurayin da ya gama jami'a ya kama sana'ar gina wa mutane shafin intanet, yana zaman kansa, ba ya ƙarƙashin kowane kamfani. Na biyu kuwa wani Alhaji ne mai makarantar kuɗi, aminin mahaifin yaron tun suna samari, wanda da shi aka yi hidimar sunan yaron.

Asalin maganar ba shi da tsawo. Wajen shekara guda kafin nan Alhaji ya kira yaron ya ce yana son a yi wa makarantarsa shafi, kamar yadda ya ga wasu makarantu sun yi. Yaro ya durƙusa ya ce, "Baba, da za a faɗa mini irin wanda ake so da abin da aka ware masa, sai in san yadda zan ɓullo wa aikin." Alhaji ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana, ni da kai har sai mun yi ciniki? Je ka ka fara, ba za mu ɓata ba." Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ƙara girma," ya tashi ya kama aiki.

Cikin mako uku ya gama abin da ya fahimta, wato shafi mai ɗauke da sunan makaranta da tarihinta da hotunan azuzuwa da lambar waya. Alhaji ya gani ya yaba, sa'an nan ya ce a ɗan ƙara wurin da iyaye za su cike takardar neman gurbi. Da aka ƙara sai ya ce a ɗan sa inda za a riƙa duba sakamakon jarrabawa. Bayan wannan kuma a ɗan haɗa shafin da banki domin biyan kuɗin makaranta. Kowane "ɗan" daga cikin waɗannan aikin makonni ne, na ƙarshen ma ya fi ainihin shafin wuya nesa ba kusa ba. Wata goma yaro yana wannan hidima, yana sayen data da man janareta daga aljihunsa, abin da ya shiga hannunsa kuwa sau biyu ne kacal, kowanne da sunan "ga wannan ka sha ruwa". Ana nan sai lokacin sabunta hayar ma'ajiyar shafin ya yi, hayar da da dala ake biyan ta. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma sa'ad da ya fara aikin, ta haura naira 1,400 a watan Fabrairun 2024. Yaro ya ce ba shi da hali, Alhaji ya ce ai shi ya riga ya biya. Yaro ya yi zuciya ya ƙyale, shafi ya rufe ana tsakiyar karɓar kuɗin zango na biyu. Alhaji ya ce an ci amanarsa. Mahaifin yaron kuwa ya ɗauke ƙafa daga zauren da ya shekara talatin yana zama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na saurari kowannensu da kunnen basira, ban kama ko ɗaya da ƙarya ba. Alhaji ya haƙiƙance taimakon yaro ya yi, ya ba shi fagen gwada hannu da abin da zai nuna wa wasu. Yaro ya haƙiƙance aikin kuɗi ya ɗauka, nauyin baki ne kawai ya hana shi faɗin adadi. Ashe ciniki biyu aka ƙulla a zaure ɗaya, kowa da zuciyarsa ya ƙulla nasa. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: shin yanke iyakar aiki da adadin lada tun da fari, tsakanin mutanen da suka san juna, rashin kunya ne da rashin yarda, ko kuwa wani nauyi ne da ke wuyanmu wanda muke gudu?

Kowane Aiki da Sunansa

Bahaushe ya daɗe da rarrabe ayyuka, ya ba kowanne suna da hukunci. Akwai gayya, wadda ladanta fura ce da tuwo da sanin cewa gobe za a taru a taka gonar. Akwai ƙwadago, inda mutum yake sayar da yininsa, daga hantsi zuwa azahar ko la'asar, a sallame shi a bakin gona. Akwai jinga, inda ake nuna aiki a yanka masa kuɗi, ko ka gama a kwana ɗaya ko a kwana goma, wannan ruwanka. Akwai kuma barantaka, inda bara yake hidima ba tare da lissafi ba, shi kuma ubangida ya ɗauki cinsa da suturarsa, in lokaci ya yi ya yi masa aure ko ya ba shi jari. Duk waɗannan hanyoyi ne da jama'a ta yarda da su, domin a kowacce an san abin da ke kan wannan da abin da ke kan wancan.

Fitina tana shigowa ne idan aka fara aiki ba a raɗa masa suna ba, domin a ƙarshe mai ƙarfi ne zai raɗa masa wanda ya ga dama. Alhaji ya mori biyayyar barantaka, bai ɗauki nauyin ubangida ba. Yaro ya sa ran kuɗin jinga, bai yi cinikin jinga ba.

Masu cewa kakanninmu da amana kawai suke mu'amala, ba su san ƙididdiga ba, sai su leƙa kasuwar Farin Gada ko ta Katako su ga yadda ake cinikin buhun dankali ko na masara. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a kai inda zai ce ya sallama, sau da yawa a gaban dillali wanda shi ma la'adarsa sananniya ce. Ba a rubuta komai ba, amma babu abin da aka bari a duhu. Haka magini da kafinta da tela, ana ba su kafin alƙalami su sayi kayan aiki, a riƙe ciko sai sun gama. Tun kafin a san takarda Bahaushe ya yi wa cinikin da ba a fayyace ba laƙabin raini, ya kira shi cinikin biri a sama. Ke nan amanar mutanen da a kan magana bayyananniya take zaune. Abin da muka gada muka lalata shi ne, mun riƙe rashin rubutun, mun yar da fayyacewar.

Kunya da Wanda Take Ci

Babu mai musun cewa kunya ado ce a wurin Bahaushe, kuma al'ummar da ta rasa ta ta yi babbar asara. Amma ya kamata a lura da inda kunya take kwarara. Ƙarami ne yake jin nauyin babba, mabuƙaci ne yake jin nauyin mawadaci. Saboda haka duk lokacin da aka bar lada a hannun kunya, an bar shi ne a hannun wanda ba shi da bakin tambaya. Kalmar nan ta "ba za mu ɓata ba" kusan kullum daga sama take saukowa. Alhajin nan da ya gina azuzuwa, bai faɗa wa mai siminti ita ba, ya tambayi kuɗin buhu ya ƙirga ya biya. Wanda aka san ba zai iya ɗaga ido ba, shi ake ajiye wa wannan kalma mai daɗi.

Ba ina nufin duk mai faɗin ta mugu ba ne. Sau da yawa shi ma babban wata kunyar ce take cin sa, yana ganin in ya tsaya ciniki da ɗan amininsa kamar ya mai da shi bare ne. To amma tun da shi ne kunyar ba ta yi wa asara, shi ya kamata ya fara karya ta. Masu iya magana sun ce babba juji ne, kuma daga cikin abin da ya kamata jujin ya ɗauka har da nauyin fara ambaton kuɗi. Da Alhaji ya ce, "Ɗana, zauna mu yi magana irin ta kasuwa, in mun gama ma koma ta gida," da ya sauke wa yaro dutse daga ka, da kuma girmansa ya ƙaru. Kunyar da aka guje wa ta minti biyar a cikin zaure, ita ce aka tarar ta yi 'ya'ya a gaban jama'a bayan shekara.

Darasi Daga Ramukan Kuza

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da zarar an auna aiki an yanka lada shi ke nan adalci ya tabbata. Mu mutanen Filato muna da tarihin da zai hana mu wannan zato. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai suna narka kuza suna fataucinsa. A farkon ƙarni na ashirin Turawan kamfanin Neja suka bi sawunsa har suka hau wannan tsauni, kuma ya zuwa 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso domin kwasar sa. Dubban mutane suka kwararo daga ƙasar Hausa da Barno da sauran sassa, bariki-bariki suka tsiro daga Naraguta zuwa Bukuru da Barikin Ladi.

A wuraren haƙar nan ba a san "ba za mu ɓata ba". Lebura ana yanka masa aikin yini, heluma yana tsaye yana ƙirga, a biya a ƙarshen mako. Akwai kuma wasu masu zaman kansu, waɗanda suke wanko kuza su kawo a ɗora a sikeli a biya su gwargwadon nauyinsa. Waɗannan su ne kakannin yaronmu a sana'a, domin su ma babu albashi, abin da hannunka ya kawo shi za ka ci. Sai dai sikelin na kamfani ne, farashin kamfani ne ya sa, kuma doka ba ta yarda su kai kuzan wurin wani in ba mai izinin filin ba. Awo ya fito sarai, amma bakin mutum ɗaya ne ya yanka shi.

Abin ya kai maƙura a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas, wanda mutane suka kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗebo talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su haƙa, da wa'adinsu a rubuce da ladansu a rubuce, mutane da yawa kuma suka mutu saboda sanyin tsauni da cuta da ƙarancin abinci. A nan an san aiki, an san lada, abin da babu shi ne yarda. Wannan ya nuna mana cewa ƙafa uku jinga take tsayawa a kai, kamar murhu: sanin aiki, da sanin lada, da ikon kowane ɓangare ya ce albarka ya tashi.

Akwai darasi na biyu. Duk wanda ya bi hanyar Bukuru ko ta Rayfield ya ga kududdufan da haƙar ta bari. An daɗe ana haƙa kafin hukuma ta fara maganar wanda zai cike ramuka, kuma da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985 sai ragowar aikin ya durƙushe, ramuka suka zama gadon manoma da 'ya'yansu. Abin da ba a ambata a cikin sharaɗi ba ba ya ɓacewa, yana nan yana jiran wanda ya fi kowa rauni ya faɗa a kansa. Kowane aiki yana da raminsa na bayan gamawa. A aikin shafin intanet ramin shi ne hayar shekara-shekara da gyaran abin da ya lalace, kuma a cikinsa ne Alhaji da yaro suka rufta.

Abin da Magabata Suka Shimfiɗa

Wannan matsala ba yau ta fara ba, kuma malaman fiƙihu sun yi mata dogon nazari. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya wuce ta babin da ya yi maganar ijara da ju'ala. A ijara, wato ɗaukar mutum aiki, sharaɗi ne a ambaci lada a kuma san aikin ko wa'adinsa. A ju'ala kuwa, kamar a ce wa mutum ya haƙa rijiya ko ya nemo dabbar da ta ɓata, ba shi da komai sai ya kammala. Dalilin wannan tsanantawa shi ne gudun garari, wato jahiltar abin da aka ƙulla, domin malamai sun lura cewa ƙarshensa husuma ce. Idan kuwa an riga an yi aikin a kan ƙulli marar inganci, sai a koma ga ladan da ake ba irin wannan ma'aikaci a irin wannan aiki. Haka kuma mazhabar Malikiyya ta ɗora wa mai sana'a, irin su tela da marini, lamunin kayan da aka damƙa masa, saboda kada dukiyar mutane ta salwanta a hannun masu aiki.

Abin lura ne ƙwarai cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma muminai take yi wa maganar, mutanen da suka fi kowa yarda da juna. Maƙwabtanmu Kirista su ma suna karanta hanin barin ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai aiki a cikin Littafin Firistoci. Da rubutu da ƙayyadewa zargi ne, da ba a umarci 'yan'uwa da su ba. An umarce su ne domin an san ɗan Adam da mantuwa, an kuma san cewa idan ya manta, wajen da zai amfane shi yake mantawa.

Aikin da Ido Ba Ya Aunawa

Idan haka abin yake ga rijiya da katanga, to ya fi tsanani ga aikin kwamfuta. Katanga ana auna ta da taku, kowa ya ga inda ta tsaya. Shafin intanet kuwa mai shi fuskarsa kawai yake gani. Maɓalli guda da zai ce a ɗan ƙara yana iya zama aikin awa ɗaya, yana iya zama na wata ɗaya, shi kuma ba shi da hanyar bambancewa. A nan nauyi ya juyo kan mai sana'a. Shi ne mai ilimin, don haka shi ne zai fassara aikin da harshen da mai biya zai gane. Maginin shafin da ya yi shiru yana ƙirga ƙari a zuciyarsa, yana jiran ranar da zai fito da lissafi, shi ma ya yi cinikin duhu, ko da kuwa shi ne ƙarami.

Kuma dole a faɗi gaskiya, ba kullum mai sana'a ne abin tausayi ba. Akwai wanda zai karɓi kafin alƙalami ya kashe waya, kamar telan jajibirin salla, alhali kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai wanda zai yi rajistar adireshin shafi da sunansa, ya riƙe kalmar sirri, ya mai da mai shafi ɗan haya a cikin gidansa. Ɗan ƙanwata ma da ya bar shafi ya rufe da sakamakon 'ya'yan mutane a ciki, ya taɓa haƙƙin iyayen da ba su ci masa ko sisi ba. Bin bashi bai halatta masa yin garkuwa da amana ba.

To mene ne ya kamata a fayyace? Tun ran gini ran zane. Da farko a lissafa abin da za a gina ɗaya bayan ɗaya, a kuma ambaci abin da ba ya ciki, domin iyakar gona daga gefen maƙwabci ake gane ta. A faɗi wanda zai kawo rubutu da hotuna da ranar da zai kawo, saboda sau da yawa jinkirin daga mai aikin yake fitowa. A ƙayyade sau nawa za a yi gyara kyauta, abin da ya wuce nan sabon ciniki ne. A raba biya kashi-kashi, wani kafin a fara, wani idan an kai wani mataki da ido zai gani, ciko kuma ranar miƙa makulli. A ware kuɗin hannu daban da kuɗin abin da ake saya, musamman wanda ake biya da dala, a ce mai shafi ne zai biya shi a farashin ranar. A sanar da shi cewa adireshin shafi haya ce da ake sabuntawa, ko mai ƙarewa da .ng ne wanda ƙungiyar NiRA take kula da shi, ko waninsa, kuma da sunansa za a yi rajista. Daga ƙarshe a faɗi wanda ya mallaki manhajar bayan an gama biya. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, kuma ba ta amince da miƙa mallaka ba sai da shaidar rubutu. Duk wannan bai wuce fallen takarda ɗaya ba. Ko a saƙon waya aka rubuta shi, ɗayan ya amsa da cewa ya yarda, ya fi babu, tun da Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe wa kotu ƙofar karɓar irin waɗannan rubuce-rubuce idan sun cika sharuɗɗanta.

Abin mamaki shi ne samarinmu sun san duk wannan. Tun daga 2015 da aka buɗe cibiyar nHub a Jos, da sauran wuraren koyo da suka biyo baya, garin nan ya yaye matasa da dama masu yi wa mutanen nesa aiki. Idan ɗayansu ya sami jinga a dandali irin Upwork daga wani Ba'amurke da bai taɓa gani ba, zai zauna ya rubuta komai dalla-dalla, a ajiye kuɗin a hannun dandalin, a riƙa saki mataki-mataki, kamar yadda fatake suke barin kuɗi a hannun maigidan da ya sauke su. Amma idan Baba ne ya kira, sai a ninke wannan ilimi a sa a aljihu. Ke nan baƙo ya sami kariyar da muka hana na gida.

Wani Hanzari Ba Gudu Ba

Mai karatu yana iya cewa, to idan aka auna komai, ina gurbin alheri? Ashe ba za mu wayi gari mun zama mutanen da ɗa ba ya ɗauko wa ubansa buta sai da rasit ba? Wannan tsoro yana da tushe, kuma ni ma ba na fatar ganin ranar. Amma a koma kasuwa a dubi mai awo. Sai ta cika mudu ya yi tozo, mai saye ya gani ya gamsu, sa'an nan ta ɗebo da hannu ta ƙara ta ce ga gyara. Gyaran nan yana da daɗi ne domin an san inda mudu ya tsaya. Da za ta riƙa zubawa ba awo, da mai saye bai san ko kyauta aka yi masa ko ƙwara ba, ita ma ba ta san ko sadaka ta yi ko asara ba. Haka aikin yaron nan. Da an yanka jinga tun farko, sa'an nan ya ce, "Baba, wurin duba sakamakon nan na ƙara maka shi don zumunci," da Alhaji ya san an yi masa alheri ya sa albarka. Da yake ba a yanka ba, wata goma na wahala sun tafi babu lada babu godiya, domin wanda aka yi wa bai ma san an yi ba. Wanda ma yake son ya yi aikin duka kyauta, sai ya faɗa da bakinsa cewa kyauta ce, ya huta da jiran abin da ba zai zo ba.

Hanzari na biyu shi ne, aikin tunani ba ya aunuwa tun ba a fara ba, mai aikin kansa bai san abin da yake so ba sai ya gani. Wannan gaskiya ne. Amma matafiyin da bai san tsawon hanya ba yana sanin zangon farko. Sai a yi ciniki a kan abin da aka sani, a kuma amince cewa duk sabon abin da ya ɓullo za a tsaya a yi masa nasa cinikin kafin a taɓa shi. Rashin sanin ƙarshe dalili ne na yawaita zama, ba ya zama dalilin ƙin zama gaba ɗaya.

Kammalawa

A zaman namu mun bi hanyar malamai. Muka kira wani mai irin sana'ar wanda ba ya da alaƙa da kowa, ya duba aikin ya faɗi abin da ake biyan irinsa. Da Alhaji ya ji adadin sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wallahi da na san haka ne, da tun a na biyu na tsaya." Na yarda da shi, kuma wannan magana tasa ita ce ta fi komai nuna mini girman ɓarnar, domin rashin faɗa ya hana yaro haƙƙinsa, ya kuma hana dattijo damar auna aljihunsa. Yaro ya yafe kashi ɗaya, Alhaji ya ɗauki biyan saura a wata huɗu. Yaro ya durƙusa ya nemi gafarar rufe shafi, ya buɗe shi a daren, ya mai da rajista da sunan makaranta. Aka rubuta abin da zai riƙa yi duk shekara da abin da za a riƙa ba shi, ni da liman muka sa hannu.

Kuɗi sun fita, shafi yana aiki har yau. Mahaifin yaron da Alhaji suna gaisawa a masallaci, suna zuwa wa juna jaje da barka, amma har yanzu tabarmarsa ba ta koma zauren nan ba. Takardar da muka rubuta ranar sulhu layi goma sha biyu ce, kuma babu layi ɗaya a cikinta da ya fi ƙarfin a rubuta shi ranar da yaro ya fara durƙusawa. Allah ya ba manyanmu ikon fara ambaton mudu, ya ba ƙanananmu ladabin tambayar sa, ya bar mu da zumuncinmu.